Jelifish ya cika mana taru a Shama: shi ne ke cinye amane?

Hajiya Mai Banda, Zongon Sekondi:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Sana'ata bandar kifi ce, a hannun mahaifiyata na tashi na same ta. Ina saro amane, kifin nan dangin sadin, a bakin ruwa, Shama ko Elmina a nan Ghana, in yi banda, in ɗaure a kwanduna in tura Kumasi da Tamale, wani lokaci har Bawku. To bana abin da ke damuna shi ne, sai a wuni ana jan taru, mutum ashirin ko fiye suna waƙa suna ja, igiya ta yi nauyi har mu masu jira mu fara gyara bahunanmu, in ya fito sai a tarar rabinsa wannan abu ne mai santsi da yauƙi, jelifish. Ɗan kifin da ke ciki ma ya danne shi ya lalace, in ka ɗora a waya sai ya farfashe. Yaron da ke mini dako ya sa hannu zai tsamo kifi, hannun ya yi jawur ya kumbura, ya kwana yana kuka.

Masunta sun kasu biyu. Wasu sun ce shi ne ya cinye amane, don haka duk wanda ya fito a sassare shi da adda kafin a mayar. Tsofaffin kuma sun ce tun suna yara suke ganinsa, yana zuwa yana tafiya, manyan jirage ne suka kwashe kifi. Ni dai ba boko na yi ba. Ina son wanda ya sani ya faɗa mini: abin nan yana cin kifi? Kuma yana da wani amfani a ruwa, ko kuwa annoba ce kawai?

Baba Basarke, Yauri:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya. Ni masuncin kogi ne, ban san teku ba, kuma mu nan babu wannan abin. Amma ruwa ba ya tsami banza. Duk inda na ga wani abu ya yi yawa a ruwa fiye da yadda aka saba, in aka bincika akwai abin da aka rage a wurin. Ki tambaye su idon ragarsu nawa ne yanzu, nawa ne a zamanin iyayensu.

Malama Rabi, Cape Coast:

Hajiya sannu da ƙoƙari. Bari in fara da yaron, don shi ne na gaggawa. In ya sake faruwa a wanke wurin da ruwan teku, kada a zuba ruwan famfo ko na leda, saboda ruwan daɗi yana sa ƙwayoyin dafin da suka rage a fata su fashe su ƙara harbi. Kada a goga da yashi, kada a yi masa fitsari kamar yadda wasu ke cewa. A cire zaren da ya manne da tsinke ko da gefen kati, sannan a tsoma hannun a ruwa mai zafi daidai yadda fata za ta iya jurewa, kamar minti 20. In numfashi ya fara yi masa wuya ko fuska ta kumbura, asibiti kai tsaye. Kuma ki gaya wa yara matacce ma yana harbi, wanda ya bushe a kan yashi ma haka.

Sai tambayarki. Harkar kifin teku na karanta, ita nake koyarwa, kuma a ganina tsofaffin nan sun fi kusa da gaskiya, sai dai samarin ma ba ƙarya suka yi ba.

Jelifish ba kifi ba ne. Ba shi da ƙashi, ba shi da jini, ba shi da zuciya ko ƙwaƙwalwa, kashi 95 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. Irin waɗanda ke shiga taru ba sa farautar babban amane. Abincinsu ƙananan halittun nan ne masu yawo a cikin ruwa waɗanda da ƙyar ido ke gani, filankiton, kuma shi ne dai abincin amane da ƙananan kifin nan da muke kira Keta school boys. Wato akushi ɗaya suke ci. Bayan haka, ƙwan amane ba a ƙasa yake kwanciya ba, yawo yake a saman ruwa, 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe ma haka, kuma jelifish ba ya zaɓe, duk abin da ya taɓa zarensa ya shiga baki. Don haka yana cin kifi, amma tun yana ƙwai.

Abin lura shi ne, cin nan ta ɓangare biyu yake. In amane na da yawa, garkensa kan share abincin kafin jelifish ya samu, saboda kifi yana da ido, yana da gudu, yana bin abinci inda yake. Kifaye da dama kuma suna cinye jelifish tun yana ɗan mitsitsi. Muddin kifi na da ƙarfi, shi ke riƙe da ruwan. Ranar da aka kwashe kifin, abincin da ya bari ba ya zama haka nan, wani ne zai ci. Gona ce da aka cire gero aka bar ta da taki: ciyawa ba ita ta kori geron ba, amma in ta kafu, sabuwar shuka sai ta sha wuya kafin ta tashi.

Ga lissafin namu na Ghana. Amanen da aka sauke a 1996 ya kai tan dubu 135, zuwa 2016 ya dawo kusan tan dubu 29. Tsakanin nan kwale-kwale sun ƙaru, idon raga ya ƙanƙance, kamun dare da fitila ya yaɗu duk da doka ta hana, ga kuma saiko, inda manyan jiragen jan raga ke kama ƙananan kifin da ba a ba su izini ba su daskarar, su sayar wa kwale-kwale a tsakiyar teku. Wani bincike na ƙungiyoyin kare muhalli EJF da Hen Mpoano ya ƙiyasta kifin saiko na 2017 kaɗai da kusan tan dubu 100. Duk wanda ke neman abin da ya cinye amane, daga nan ya kamata ya fara.

Kuma ba yau ruwanmu ya fara nuna wannan hali ba. A 1972 an yi kamun amane mai yawan gaske a gaɓar Ghana da Kodebuwa, shekarar da ta biyo baya ya yi ɓatan dabo. Abin da ya cika ruwan a shekarun da suka biyo wani kifi ne mai kaurin fata da ƙaya a baya, wanda masana ke kira Balistes, da can ba a damu da shi ba. Ya yi zamaninsa har ƙarshen shekarun 1980, sannan ya ja baya. Tsofaffin Elmina za su tuna shi. Wancan karon Allah ya sa magajin abin ci ne.

Ɗan Jirgi, Tema:

Malama Allah ya ƙara basira. Hajiya, ni na yi aikin jirgin kamun kifi a Walvis Bay ta Namibiya, kuma abin da kike gani a Shama somin taɓi ne a kan na can. Mukan jawo raga injin yana nishi, a buɗe ta a kan jirgi, sai jajayen jelifish su malale har gwiwa, a sa shebur da mesa ana turawa ruwa. Feshinsa kaɗai in ya shiga ido ka gama aiki ranar.

Tsofaffin garin suna ba da labarin lokacin da sadin ya yi yawa har masana'antun gwangwani ba sa barci. A 1968 an kama kusan tan miliyan 1.4. Cikin shekara goma aka gama da shi, bai sake komawa yadda yake ba, har gwamnati ta hana kama shi gaba ɗaya a 2018. Ga kuma wari. Wani lokaci ruwan bakin gaɓa yakan rikiɗe ya yi fari-fari kore-kore, garin duka ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai, kifi da ƙaguwa su fito gefe suna mutuwa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Malama Rabi, Cape Coast:

Yauwa Ɗan Jirgi, ka kawo misalin da duk mai karatun wannan fanni sai ya bi ta kansa. Ruwan Namibiya yana cikin mafiya albarka a duniya, saboda iska na ture ruwan sama, ruwan sanyi mai taki ya taso daga ƙasa. Irin abin da ke faruwa a gaɓarmu ke nan daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da amane ke zuwa, sai dai nasu ya fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba. Wani bincike da aka buga a 2006 ya auna ruwan da na'urar amsa-kuwwa da raga, ya ƙiyasta nauyin jelifish da tan miliyan 12.2, na kifi kuwa tan miliyan 3.6. Warin da ka ji iskar kibiritu ce. Tsiron ruwan da ba a cinye ba yana nutsewa ya ruɓe a taɓon ƙasa, ya shanye oksijin, ya saki wannan iska. Akwai masanan da ke ganin rashin sadin ya ƙara tsananta abin, tunda shi ke cin kaso mai yawa na tsiron. Kifi ba ya jure ruwan da oksijin ya yi ƙaranci, jelifish kuwa yana jurewa. Nan ma ya ci riba.

Amma Hajiya ta tambayi amfaninsa, kuma a Namibiyar ne aka ga wani abin mamaki. Akwai ɗan kifi mai gemu da ke zama a ƙasan ruwan, bai wuce tsawon tafin hannu ba. Da rana yana kwanciya a cikin taɓon nan marar oksijin inda masu farautarsa ba sa iya bin sa, da dare ya taso ya shiga tsakanin jelifish ya ɓuya, kuma wani bincike na 2010 ya nuna cewa jelifish ɗin na cikin abincinsa. Shi kuma ɗan kifin, kote da sauran manyan kifi, da tsuntsayen teku, da karnukan ruwa, suna cin sa. Ta haka abincin da ya shiga cikin jelifish yake dawowa ga kifin da mutane ke ci. Sai dai ba shi da maiƙon sadin, shi ya sa tsuntsayen da suka koma kansa suka ragu ƙwarai.

An daɗe ana ɗauka cewa kusan ba abin da ke cin jelifish, duk abin da ya shiga cikinsa ya tafi ke nan. Dalilin kuskuren mai sauƙi ne: in ka yanka cikin kifi za ka ga ƙaya da ɓawon jatan lande, amma jelifish ya riga ya narke. Da aka fara gwajin ƙwayar halitta a kan abin da ke cikin hanji, aka kuma ɗaura ƙananan kyamarori a bayan tsuntsayen fengwin, sai aka ga masu cinsa suna da yawa. Fitacciya a cikinsu ita ce kififfiyar teku mai baƙin baya marar ƙoƙo mai tauri, wadda ke fitowa ta yi ƙwai a yashin Ada da wasu wurare a gaɓarmu, mafi yawansu kuma a Gabon. Tana iya wuce kilo 500, kuma kusan da jelifish kaɗai ta gina wannan jiki. Maƙogwaronta cike yake da ƙayoyi masu kallon ciki don kada abin ya sulluɓe. A ruwan Kanada an bi wasu da kyamara, aka ƙiyasta kowace tana cin kimanin kilo 330 a rana. To ita ce ke mutuwa a raga, ita ake haƙe wa ƙwai, ita ke haɗiye farar leda tana zaton abincinta ne. Wani nazari na 2009 ya sami roba a cikin kusan ɗaya cikin uku na gawarwakin da aka buɗe. Masunci da ke kukan jelifish ya kuma yanka kififfiyar da ta faɗa tarunsa, ma'aikaciyarsa ya yanka, ban da cewa dokar Ghana ta hana.

Wani amfanin kuma, 'ya'yan wasu kifaye dangin kote suna fakewa a ƙarƙashin lemarsa har su yi wayo. Hajiya, in kika duba wanda aka fito da shi sabo, wani lokaci za ki ga 'yan ƙananan kifi a maƙale. Ba cinye su yake yi ba, masauki ya ba su.

Auta, Trabzon:

Ina karatu a Turkiyya, a bakin Baƙin Teku. Mutanen nan ba su haɗa ɗan kifin nan hamsi da komai ba, har a shinkafa da burodi suke sa shi, ɗan'uwan Keta school boys ne. Su labarinsu ya ɗan bambanta da na Malama, don baƙo ne ya zo musu. Wata halitta mai kama da jelifish, marar harbi, daga gaɓar gabashin Amurka, ta shigo a cikin ruwan da jiragen dakon kaya ke ɗura wa cikinsu don su daidaita. An fara ganinta a farkon shekarun 1980, zuwa 1989 ta mamaye tekun, kamun hamsi ya faɗi warwas. Sai a 1997 wata 'yar'uwarta mai suna Beroe ta ɓullo, ita kuma wannan baƙuwar ce abincinta, sannan abin ya lafa. To Malama, wannan bai nuna cewa shi kaɗai ma yana iya kashe kifi ba?

Malama Rabi, Cape Coast:

Auta, ya nuna yana iya ƙarasa wanda ya riga ya jigata. Kafin baƙon ya zo, an riga an kwashe manyan kifayen Baƙin Teku, takin gonaki da ƙazantar birane da kogin Danube da sauransu ke kawowa sun cika ruwan, hamsi kansa ana kama shi fiye da kima. Baƙon ya tarar da ƙofa a buɗe. A ruwan Amurka inda ya fito yana zaune da kifi tun fil azal, saboda akwai masu cinsa.

Kuma kada mu tafi da cewa duk tekun duniya na komawa jelifish, kamar yadda jaridu ke son rubutawa. Wani babban nazari na 2013 da ya tattara bayanan sama da shekara ɗari ya gano cewa yawansa na hawa da sauka, zagaye ɗaya kusan shekara 20. Tsofaffin Shama da suka ce yana zuwa yana tafiya, abin da suka gani ke nan. Shekara guda ta yawan jelifish ba hujja ba ce. Abin tsoro shi ne ya zo ya tarar babu kifi, ya zauna.

Hajiya Mai Banda, Zongon Sekondi:

Malama Allah ya saka da alheri, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Na gane. Amma ki bar ni in faɗi tawa. A 2019 aka fara rufe mana ruwa a hana kamun kifi, daga baya aka mai da shi watan Yuli. Wata guda babu kifi, babu banda, ga bashin itace, ga yara. Mu ake gani saboda muna bakin gaɓa, abin da ake yi a tsakiyar teku da dare wa ya gani? Sai kuma tambaya biyu. Saran da samari ke yi da adda yana rage shi? Na kuma ji an ce 'yan Sin suna ci. In haka ne, ba sai mu yi bandarsa mu sayar musu ba?

Baba Basarke, Yauri:

Hajiya kin burge ni. Bahaushiya ko a teku sai ta nemo kasuwa.

Malama Rabi, Cape Coast:

Hajiya, kukanki na kan hanya. An zaɓi Yuli ne don lokacin ne amane ke shirin zuba ƙwai, kuma manyan jirage ana rufe musu wata biyu. Amma in aka buɗe aka koma kan fitila da ƙaramin ido da saiko, yunwar da kuka sha ta tafi a banza.

Sara da adda wahalar banza ce, har ma yana watsa zaren dafin a inda yara ke wanka. Wanda kuke gani yana yawo rabin rayuwar ne kawai. A yawancin irinsu, ƙwan yana zama ɗan tsiro da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya manne a jikin dutse ko ɓawon kawa ko ƙarfen gada ko bangon tashar jirgi. Yana iya shekaru a nan yana tohowa yana yaɗuwa. In zafin ruwa ya sauya kuma abinci ya samu, sai kowane tsiro ya yanyanka kansa faifai-faifai, kowane yanki ya ɓalle ya zama jelifish. Shi ya sa sukan bayyana a lokaci guda kamar an zubo su. Duk kankare da ƙarfen da muke ƙarawa a bakin teku, masauki muke ƙara musu.

Baba, kai kuma da ka ce babu shi a wajenku, akwai ɗan ƙaraminsa na ruwan daɗi, Limnocnida, faɗinsa bai wuce na kwabo ba, garau yake har ana ganin ruwa ta cikinsa. A tafkin Tanganyika aka fara bayyana shi, an same shi a kogin Kwara, kuma wani masani Bature mai suna Green ya yi rubutu a 1960 a kan wanda ya samu a Gulbin Sakkwato. Ka sa ido a ruwan da ya kwanta.

Batun ci kuwa gaskiya ne, a Sin da Japan da Tailan ana ci, har masuntan jihar Jojiya ta Amurka suna kama wani iri su tura can. Amma banda ba za ta yiwu ba, in kika ɗora shi a wuta ruwa zai zama ya kashe miki garwashi. Da gishiri da alam ake sarrafa shi, a jiƙa a tsame a sauya haɗi sau da yawa, aikin makonni uku zuwa fiye da wata, har ya zama fale-fale mai garas-garas. Dole a fara cikin 'yan sa'o'i da fitowarsa daga ruwa, in ba haka ba ya narke. Kuma iri kaɗan ne masu kaurin lema kasuwa ke karɓa, masu dogon zare irin wanda ya harbi yaronki ba sa ciki. Kafin ki sayi buhun gishiri ko ɗaya, ki ɗauki hoton naku a cikin baho da ruwa, ta sama da ta ƙasa, ki sa a nan mu ga ko wane iri ne.